Tsohuwar Kwamfuta a Kamfanin Dillancin Motoci

Mai karatu, in ka shiga kamfanin dillancin motoci a Amurka, motoci masu ƙyalli za ka fara gani. Amma ainihin cinikin a cikin kwamfuta yake: lissafin kayan gyara, takardun bashi, da bayanan masu saye.

Babu manhajar da ba ta da kafar da ɓarayin intanet ke nema. Muddin kamfanin da ya ƙirƙiro ta yana kula da ita, yakan aiko da gyara ya toshe kafar. In wa'adi ya cika kuwa, gyaran sai ya tsaya. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020. Na'urar takan ci gaba da aiki, sai dai kafar da aka gano daga baya galibi a buɗe take zama.

A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta kutsa cikin kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba, har Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. A Yunin 2024 kuma aka kai wa CDK Global hari, dillalai kimanin 15,000 da suka dogara da manhajarsa a Amurka da Kanada suka shiga tasku, da yawa suka koma biro da takarda.

Saboda haka dillali mai hangen nesa yakan ƙirga na'urorinsa, ya ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, ya gwada sabuwar manhajar, sa'annan ya goge tsohon faifai sarai kafin ya yar. Rigakafi dai ya fi magani.