Idan Zuciya Ta Tsaya Farat Ɗaya

Sau da yawa mukan ji an ce wane yana zaune lafiya lau, sai ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Sai mu ce, ina ma an yi masa allura da wuri! To, a kan wannan allura nake so mu tattauna yau.

Idan zuciya ta tsaya, jini ba ya kaiwa ga ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci kuwa sai ta fara lalacewa. Likitoci sun daɗe suna yi wa irin wannan mutum allurar adirenalin don ta tayar da zuciyar. Domin a san iyakar amfaninta, Jami'ar Warwick ta ƙasar Ingila ta shugabanci wani bincike a kan mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya ba a asibiti ba. Ma'aikatan motar asibiti suka yi wa rabinsu adirenalin, rabi kuwa ruwan gishiri kawai.

A 2018 aka bayyana sakamako. Bayan kwana 30, mutum 130 ne ke raye cikin masu adirenalin, 94 cikin sauran. Watau allurar ta yi amfani, amma kaɗan. Ga shi kuma cikin waɗanda suka rayu da ita, kusan ɗaya bisa uku ƙwaƙwalwarsu ta taɓu ƙwarai. Masu binciken sun lissafa cewa sai an yi wa mutum 112 allurar kafin a ceci ɗaya, alhali idan na kusa ya danna ƙirji, ana ceton ɗaya cikin 15.

Kin ga ke nan, 'yar'uwa, hannunki ya riga allura. Idan maigida ko baba ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi sosai, ki yi ihu a nemo mota. Kada ki tsaya yayyafa masa ruwa ko ɗura masa wani abu. Kwantar da shi rigingine a ƙasa, ki ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ki miƙe gwiwar hannu, ki riƙa dannawa zurfin inci 2, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. In kin gaji wata ta karɓe ki, har ma'aikatan lafiya su karɓa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku roƙi malamanku su gayyato ma'aikaciyar asibiti ta gwada muku. Rai na Allah ne, amma Shi ya hore mana hannu. Allah ya kiyashe mu, amin.