Tufar da Ba Ta Shiga Adaka

Duk wanda ya taɓa zama kusa da saurayi a sa'ad da ya buɗe sabon wasa a wayarsa ko a kwamfutarsa, irin wasannin nan da dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗuwa a cikinsu ta intanet a lokaci guda, zai lura cewa tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba, tun ba a zare takobi ba, akwai wani zaure da dole sai an tsaya a cikinsa, inda ake ɗora wa ɗan wasa aikin tsara surar da za ta wakilce shi a idon jama'a. A nan ake tambayarsa ko namiji yake so ko mace, dogo ko gajere, baƙi ko fari, da irin askinsa, da rigarsa, har da tabon da zai sa a kunci in yana son a ɗauke shi tsohon mayaƙi. Manya da yawa suna ganin wannan shirme ne tsantsa, alhali kuwa a wannan zauren ne kamfanonin wasa da yawa suke samun makudan kuɗi, kuma a nan ne ya kamata mai hankali ya fi zuba ido.

Al'amarin ba na jiya ba ne. Tun a 1986 kamfanin Lucasfilm na Amurka ya fito da Habitat, inda mutane ke yawo a wani gari na zane, kowa da kan da ya zaɓa ya ɗora wa gangar jikinsa. Ultima Online ya biyo baya a 1997, World of Warcraft kuma a 2004, amma zaɓin wancan zamani bai wuce 'yan fuskoki da 'yan launukan gashi ba, har ta kai mutum kan yi karo da mai kamarsa sak a kasuwar wasan. Da aka zo kan Black Desert, wanda wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar a 2014, sai sana'ar ta kai inda ɗan wasa zai iya jan ƙashin kumatu, ya faɗaɗa hanci, ya rage tazarar da ke tsakanin idanu, ya ɓata yini guda yana sassaƙar fuskar da galibi kwalkwalin yaƙi zai rufe ta.

Sai dai wannan yalwa ba ta game kowa da kowa a lokaci ɗaya ba, kuma mu baƙar fata mun fi kowa sanin haka. Shekaru da yawa baƙin mutumin da ya shiga zauren yana neman launinsa sai ya tarar da fari kala-kala, baƙi kuwa ɗaya tak ko babu, gashi kuma duk mai santsi ne, babu kitso, babu askin da wanzaminmu zai gane. A tsofaffin fitowar Animal Crossing na kamfanin Nintendo, wanda ke son fatarsa ta yi duhu sai ya kai wakilinsa ya shanya a rana, in an kwana biyu kuma launin ya koɗe. A fitowar 2020 kuwa an ba shi ikon zaɓen launinsa tun daga farko. A 2020 ɗin ne kuma World of Warcraft ya ƙara launukan fata da fuskoki irin na baƙaƙe, bayan shekara goma sha shida ana buga shi. Wani Bature ɗan Ingila, Garry Newman, ya juya lamarin a wasansa Rust a 2015: ya hana kowa zaɓe, na'ura ce ke yanke wa mutum launinsa ta ƙuri'a, kuma ba ya canzuwa. Ƙorafin da ya biyo baya daga waɗanda suka wayi gari a baƙar fata ya isa hujja cewa ba wanda ya ɗauki surar nan a matsayin zane kawai.

Malaman jami'a ma sun bincika. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka ba wasu mutane sura doguwa, wasu gajeruwa, suka sa su cinikin rabon kuɗi, sai aka ga masu doguwar sura sun fi tsaurin ido wajen jan rabo mai tsoka zuwa ɓangarensu. Watau zahirin da mutum ya ara yakan ratsa har ya taɓa ɗabi'arsa, ko da na ɗan lokaci ne.

To, da 'yan kasuwa suka fahimci girman wannan sha'awa, sai zaure ya zama kanti. A 2006 kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a kasuwa a wasan Oblivion kan dala biyu da rabi, duniya ta yi ta dariya, domin amfaninsa bai taka kara ya karya ba, kuma wasan na mutum ɗaya ne, babu mai ganin dokin sai mai shi. Abin da ya rage a lissafin shi ne 'yan kallo. Wanda ya taɓa tsayawa a Hawan Daushe a Kano ya san jalala da adon linzami ba su ƙara wa doki gudu, amma babu hakimin da zai yarda ya ratsa gaban Sarki da jama'a a kan huntun sirdi. Haka da Fortnite ya buɗe fagensa na mutum ɗari a 2017, shiga kyauta, tufafi kuwa da kuɗi, tufafin da ba su ƙara wa mai su ƙarfi ko saiti ko kaɗan, sai kamfanin Epic Games ya tara dubban miliyoyin daloli, yaron da bai sayi kome ba kuma ya zama abin zolaya a tsakanin tsaransa. Irin wannan ciniki ne ke gudana a Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, waɗanda samarinmu ke bugawa a majalisa da ɗakunan kwanan ɗalibai, suna kiran kayan da sikin. A Roblox kuwa, a 2021, an sake sayar da wata jakar Gucci ta zane kan abin da ya haura dala 4,000, kuɗin da ya zarce farashin jakar fata ta gaske.

Ni a ganina babu aibi ga mutum baligi ya sayi abin da ke faranta masa rai da halaliyarsa, muddin bai kai haddin almubazzaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar cinikin. Da fari ba a faɗin farashi da naira ko dala. Sai ka canji kuɗinka zuwa na wasan, V-Bucks ko UC ko lu'ulu'un Free Fire, a ƙunshin da sau da yawa bai yi daidai da farashin rigar ba, ta yadda canji zai ragu ya riƙa kiranka ka ƙaro. Sannan a ce rigar kwana kaɗan za ta yi a kanti, alhali abin da ake kwafa sau miliyan ba tare da zare ko allura ba ƙarancinsa ƙirƙirarre ne. Mafi muni shi ne akwatin sa'a, wanda za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, ko rigar da kake kwaɗayi ko tarkace, ka sake biya, ka kuma sakewa. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a fiƙihu ba ya bukatar a gaya masa cewa sayen abin da aka jahilci zatinsa garari ne, kuma ƙofa ce ta caca. Hukumomin da ba su san wannan babi ba ma can suka dosa: Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya tun 2017, hukumar caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne, a Disamba 2022 kuma Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 a sulhunsa da hukumar kula da ciniki ta Amurka, daga ciki miliyan 245 na mayar wa waɗanda aka ja su suka sayi abin da ba su yi niyya ba.

Akwai kuma mas'alar mallaka, wadda kusan ba mai karanta ta, domin tana binne a cikin dogayen sharuɗɗan da ake danna amincewa da su cikin gaggawa. Galibin sharuɗɗan nan suna cewa abin da ɗan wasa ya biya izinin amfani ne kurum, tufar tana nan ta kamfani, a ajiye a na'urorinsa. In an rufe asusunka saboda laifi, ko wani ya yaudare ka da alkawarin lu'ulu'u kyauta ya karɓe kalmar sirrinka, to, ta tafi ke nan, kuma a mafi yawan wasanni ba ka da ikon sayar da ita ko barin ta gado. Wasan kansa ma yana iya mutuwa. Apex Legends Mobile ya fito a Mayu 2022, mutane suka yi ta sayen kaya a cikinsa, a ranar 1 ga Mayu 2023 kamfanin Electronic Arts ya kashe shi, bayan ya sanar tun da wuri cewa ba zai mayar wa kowa kuɗin abin da ya saya ba.