Tambayar da ta kusa kayar da ni a intabiyun PA

Saƙonninku sun yi yawa a kan kwas ɗin PA a Birtaniya, wato mataimakin likita, to yau a kansa za mu tsaya.

Kwas ne na shekara 2 bayan digirin farko. Yawancin jami'o'i suna son digirinka ya shafi kimiyyar lafiya ko ta halittu, da sakamako mai kyau, kuma ka taɓa aiki da marasa lafiya, ko da a gidan kula da tsofaffi ne. Kar ka raina wannan aikin, wallahi daga nan labaranka za su fito ranar intabiyu.

Intabiyun da yawa MMI ne: tashoshi ne ƙanana, kowace 'yan mintuna, ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba. Wata tashar ɗan wasa ne zai fito a matsayin mara lafiya mai fushi, a ga yadda za ka lallashe shi.

Ni inda na yi tuntuɓe, wata malama ce ta dube ni ta ce, me ya sa ban nemi likitanci ba? Na fara zuba, wai ai kusan duk ɗaya ne. Ina faɗa na ga ta ajiye biro. Ashe amsar da ba sa son ji ke nan. PA yana ɗaukar tarihin ciwo, yana duba mara lafiya, amma a ƙarƙashin likita yake aiki. Ba ya rubuta magani, ba ya tura mutum hoton X-ray. So suke su ji ka san iyakarka, kuma ba ka jin kunyar cewa "bari in kira likita". Allah Ya taimake ni na gyara bakina kafin ƙararrawa.

Sannan ka bi labarai. Tun Disamba 2024 hukumar GMC ce ke kula da masu wannan aiki. A Yuli 2025 rahoton Farfesa Gillian Leng ya ba da shawarar a sauya sunan aikin, saboda marasa lafiya suna ɗaukar su likitoci, kuma a taƙaita irin waɗanda za su fara dubawa. Za a iya tambayarka ra'ayinka, kuma kar ka zagi kowane ɓangare.

Gaskiya guraben aiki sun yi wuya yanzu, don haka ka yi lissafi da kyau kafin ka zuba kuɗin makaranta. Mako mai zuwa za mu taɓa takardar bayanin kai. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.