Zagi daban, ingiza jama'a daban

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya ce hukuma na iya taƙaita damar don tsaro, zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Inda gizo ke saƙar shi ne a ina za a ja layin, kuma wa ke riƙe da allin.

Akwai maganar da ke ɓata rai, akwai wadda ke zubar da jini. Wanda ya ce wa gwamna ɓarawo ko ragon maza ya yi rashin kunya, wataƙila ma ya yi ƙazafi, kuma kotu na nan ga mai neman a wanke masa suna. Wanda ya hau mumbari ko motar kamfen, lasifika a hannu, ya nuna wata ƙabila ya ce a gama da su, wannan ashana ya ƙyasta a gidan mai.

A Ruwanda aka ga ƙarshen abin. Gidan rediyon RTLM, da aka buɗe a 1993, da kiɗa da barkwanci ya ja matasa, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai har kunne ya saba. Da kisa ya ɓarke a Afrilun 1994, sai ya koma karanto sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya. Kimanin mutum 800,000 suka salwanta cikin kwana ɗari. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, ba don ya sari kowa da adda ba, sai don abin da rediyonsa ya watsa. Shi ya sa masana shari'a ba sa tsayawa kan kaushin kalma kaɗai. Sukan duba wa ya faɗa, a gaban wa, da wace niyya, kuma ko gari ya riga ya ɗau zafi.

Mu a nan mun juya ma'aunin. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ce a kama su, amma suka ci gaba da harkokinsu har suka janye wa'adin da kansu a Agusta. A Nuwamban 2022 kuwa, wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse sai da aka kai shi Abuja aka tsare saboda layi ɗaya da ya rubuta a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari. Layin ba shi da ladabi, gaskiya ne, amma ran wa ya sa a haɗari?

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga saƙon ƙarya da aka tura don fusata wani kawai. 'Yan jarida sun ɗanɗana kuɗarsu a ƙarƙashinsa kafin a gyara shi a 2024. A 2019 ma Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin da ya tanadi rataya ga kalaman ƙiyayyar da suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi masa caa, ƙudurin bai zama doka ba. Ba zagi suke karewa ba, sun dai san hannun da igiyar za ta faɗa.