Kindirmo Da Murar Hunturu: Abin Da Masana Suka Gano

Da zarar hunturu ya kama, tari da atishawa sai su cika rumfuna daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni. Ɗan kasuwa ya kwanta kwana uku, cin kasuwar mako ya wuce shi. Murar da likitoci ke kira infuluwenza ba abin rainawa ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara.

Cutar tana shiga ne ta hanci da maƙogwaro. A nan jiki ya shimfiɗa wata fata mai laushi da yauƙi, irin wadda ke cikin hanji, tana fitar da sinadarin kariya mai suna IgA da ke tare ƙwayar cuta tun daga ƙofa. Su kuma ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin hanji suna taimakawa wajen zaburar da wannan garkuwa. Danginsu, irin su Lactobacillus, su ne ke sa madara ta yi tsami ta zama nono ko kindirmo.

Tun 1907 masanin nan ɗan Rasha, Metchnikoff, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan madara mai tsami. A 2011 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka ba ɓeraye magungunan kashe bakteriya, sai garkuwarsu ta yi rauni a gaban infuluwenza. Gwaje-gwajen da aka yi wa mutane kuwa sun nuna ana iya samun raguwar kamuwa da mura, amma hujjar ba ta yi ƙarfin da za a ajiye allurar rigakafi ba.

To jama'a, darasi biyu ke nan. Na farko, kafso da ake saye a tebur ba ya kashe ƙwayar mura, sai dai ya kashe bakteriya masu amfani. Na biyu, a sayi kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu.

A sha fura da nono mai tsabta, a wanke hannu, a rufe baki wajen tari. Zazzaɓi ya yi zafi ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti.