Makauniya da Kurma a Ajin Jami'a

'Yan'uwana mata, duk wadda ta tashi daga Madadi ta biyo hanyar Gwarzo za ta Kano, sai ta wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Uwaye da yawa su kan dubi ƙofar nan su yi wa 'ya'yansu fata. Amma wadda Allah ya ba 'ya makauniya, ko kurma, ko gurguwa, sau da yawa kau da kai ta ke yi, tana cewa wannan ba wurin tata ba ne. To, wurinta ne. A jami'ar nan Jibril Isa Diso, makaho, ya koyar a sashen ilmin masu buƙata ta musamman har ya kai matsayin farfesa.

Shiga ma ta yi sauƙi bisa da. Tun 2017 hukumar JAMB ta ke shirya wa makafi jarrabawarsu a wurare na dabam, har da Kano, a karanta musu tambaya su amsa da rubutun makafi. A watan Janairu 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda mai keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024.

Amma abin da na ke so mu duba shi ne bayan an shiga. Ga makauniya zaune a aji. Malam ya juya ga allo yana rubutu, yana cewa, "a haɗa wannan da wancan, sai a sami wannan." Masu ido sun gane. Ita kuwa me ta ji? Wannan da wancan kurum. Ba mugunta malamin ya yi ba, bai dai tuna da ita ba ne. Da zai riƙa faɗin abin da ya ke rubutawa da sunansa, da ya gama mata rabin wahala, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Haka takardun darasi. In ya ba ta su tun kafin ranar, a cikin waya ko kwamfuta mai karanta rubutu da murya, sai ta zo aji da shirinta. In kuwa hoton takarda ya ɗauka ya aika, na'urar ta kan kasa karantawa, ya zama kamar bai ba ta kome ba.

Ta kurma dabam ce. Ita bakin malam ta ke kallo, saboda haka da ya ba ta baya magana ta yanke. Tana bukatar kujerar gaba, da haske, da tafinta mai maganar hannu. A nan akwai wani abin da uwaye ba su cika sani ba. Maganar hannun da kuramen ƙasar Hausa su ke yi a gida da kasuwa harshe ne mai zaman kansa, amma wadda a ke koyarwa da ita a makarantu tushenta daga Amurka ne. Yarinyar da ba ta koyi ta makaranta ba, ko an kawo mata tafinta ba lalle ta fahimce shi ba.

Gurguwa kuwa, matakala ce abokiyar gabarta. A sauko da ajin ƙasa, ko a yi gangare, shi ke nan.

Wajen jarrabawa ne mutane su kan ruɗe. Waɗansu malamai don tausayi sai su ƙara maki, waɗansu kuma su ce ƙarin lokaci son kai ne. A ganina duka biyu kuskure ne. Karatu da yatsa ya fi karatu da ido cin lokaci, wanda a ke karanta wa tambaya kuma sai ya ce a maimaita. Ƙarin lokaci hakkinta ne. Amma tambaya ta zama ɗaya da ta kowa, awon maki ma ɗaya. Makin sadaka bara ce aka sa wa riga, kuma ranar da ta fita neman aiki ita zai kunyata.

Duk wannan kuwa daga gida ya ke farawa. Rubutun makafi, wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago a 1824 yana da shekara 15, ɗigo 6 ne kacal a ke jujjuyawa, amma yatsa na son sabo tun yana ɗanye. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. Na san raba uwa da ƙaramar 'ya, balle mai lalura, ba abu ne mai sauƙi ba, kuma kakanni za su ce a bar ta a ɗaka. Sai dai wadda aka ɓoye har ta shekara 15 ta yi nisa da ƙofar nan ta hanyar Gwarzo.

In Allah ya sa ta sami shiga, kada a jira sai jarrabawa ta ƙarato. A makon farko ta je wurin shugaban sashenta da takardar likita, ta rubuta abin da ta ke bukata dalla-dalla, ta ajiye kwafi ɗaya a hannunta. Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, in kuna da irinta a ajinku, ku raba kwanaki tsakaninku, yau wannan ta karanta mata, gobe waccan. Kada dai ku yi mata aikin da kanku, kuma in za ku yi mata jagora ku bar ta ta kama gwiwar hannunku, kada ku ja ta da mayafi.