Cutar MS da Lalacewar Jijiyoyi: Abin da Ya Kamata Dangi Su Sani

Cutar da likitoci ke kira MS, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya fayyace a shekarar 1868, tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana cin mayelin, wato rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har saƙonni su riƙa tafiya da jinkiri ko su katse. Ta fi kama mata, kuma yawanci tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Niyurofati kuwa lalacewar jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa da laka ce, wadda ciwon sukari ke kan gaba wajen haddasa ta, kuma tana zuwa da zafi kamar na wuta, ko jin tsira kamar allura, ko mutuwar ji a tafin ƙafa da hannu.

Da yake alamomin MS sukan tashi su lafa, dangi kan ga majinyaci garau yau, gobe ya kasa tashi, sai su zarge shi da lalaci ko raki, wasu kuma su danganta abin da sammu ko iskoki. Gajiyar da yake kuka da ita alamar cutar ce, kuma babu ɗaya daga cikin cututtukan biyu da ake ɗauka ta hanyar cuɗanya ko cin abinci tare.

Hoton MRI yana taimakawa wajen gano MS, kuma ko da yake ba a samo maganin warkar da ita ba, akwai magungunan da ke rage yawan tashinta. Saboda haka ya kamata dangi su gaskata majinyaci, su kuma raka shi wurin likitan jijiyoyi domin su ji bayani da kunnensu.